Malam-Buɗe-Littafi Ba Ɗaya Ba Ne

A wannan mako za mu ɗan huta da maganar tsadar kaya da ta 'yan siyasa, mu gangara bakin kogin Ngadda a nan Maiduguri, domin akwai wani abu da ya faru a gabana can cikin watan Oktoban da ya wuce wanda na ga ya kamata mu tattauna a kansa.

Akwai wani dattijo mai lambu a gefen kogin wanda na saba sayen alayyafo da yalo a wurinsa. Ambaliyar da ta biyo bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau cikin watan Satumba na 2024 ta cinye masa kusan dukkan itatuwan lemon da ya yi shekaru yana reno. Saboda haka ya koma farko, ya jera dashen lemon tsami cikin 'yan ledoji a ƙarƙashin wata rumfar zana. Ran da na je na tarar da shi a durƙushe yana haɗa maganin feshi a tanki, ransa a ɓace. Na gaishe shi, na ce, "Baba, lafiya kuwa?" Ya ce, "Ina fa lafiya, ɗana? Zo ka gani." Ya nuna mini ganyen dashen, duk an gaigaye shi, ga wasu tsutsotsi kore shar kwance a kai, ƙananansu kuwa sai ka rantse kashin tsuntsu ne. Ya ce yau sai ya feshe lambun nan kaf, tun daga dashen har tumfafiyar da ke bakin shinge, don ita ma ya ga tsutsa a jikinta. Na ce, "Baba, ta jikin tumfafiya ai ba irin wannan ba ce." Ya dube ni ya yi dariya, ya ce, "Tsutsa ai tsutsa ce. Ga iyayensu can duka," ya nuna wasu malam-buɗe-littafi da ke shawagi a kan shinge.

To, wannan dattijo ba baƙon daji ba ne. In ka kawo masa fara, nan take zai gaya maka wannan babe ne, wannan ɗango ne, wannan kuwa farar tumfafiya ce, ba a cin ta. Mutumin Yerwa dai ba a koya masa sanin fara, tun da ga ta nan a soye da yaji a bakin titi kowace yamma. Tsuntsaye ma haka ne, bai taɓa haɗa kurciya da hasbiya ba, ko zalɓe da belbela. Amma da aka zo kan wannan halitta mai fiffike huɗu, suna ɗaya tak ya ke da shi, ni ma haka, kai ma mai karatu ina zaton haka ne. Babba da ƙarami, fari da baƙi, na lambu da na jeji, duk malam-buɗe-littafi ne. Sunan kansa kyakkyawa ne, domin wanda ya fara raɗa shi ya lura sosai da yadda ya kan sauka a kan fure yana buɗe fiffike yana rufewa kamar mai bitar karatu. Sai dai a nan lurar ta tsaya. Mun raɗa suna ga abin da mu ke ci da abin da ke cin mu, wanda ba ya cikin biyun nan kuwa muka tara su muka ba su suna guda. Alhali masana sun ƙididdige fiye da iri 17,000 a duniya, kowane iri da kamanninsa da abincinsa da lokacin fitowarsa.

Akwai wani tsibiri a gabashin Asiya, daura da gaɓar ƙasar Sin, wanda a ke kira Taiwan, a da Turawa na ce masa Famosa. Na kawo shi cikin maganar nan ne saboda dalili biyu. Na farko, mutanensa sun yi nisa ƙwarai wajen sanin nasu malaman. Na biyu, wasu daga cikin waɗanda ke yawo a lambun dattijon nan suna can su ma, iri ɗaya ba bambanci, ko da ya ke tsakaninmu akwai dubban kilomita. Girman tsibirin wajen murabba'in kilomita 36,000 ne, watau kimanin rabin Jihar Barno, amma an samu kusan iri 400 a cikinsa, kuma wajen 50 daga ciki babu su ko'ina a duniya sai can. Dalili kuwa ƙasar tuddai ce. Tana da ƙololuwar dutse fiye da 200 waɗanda tsawonsu ya haura mita 3,000, mafi tsawo shi ne Yushan mai mita 3,952, saboda haka mutum ya kan tashi daga zafin bakin teku da safe ya kwana cikin sanyi mai daskarar da ruwa, kowane mataki da irin itatuwansa. Ruwan saman da su ke samu a shekara ya ninka namu na Maiduguri kamar sau huɗu.

Sanin nan nasu ba daga makaranta ya faro ba, daga kasuwa ne. Japan ta mallaki tsibirin daga 1895 zuwa 1945, masananta suka riƙa sayen ƙwari daga hannun mutanen ƙauye suna rubuta sunayensu. Bayan tafiyarsu cinikin bai mutu ba, sai ma ya haɓaka. A shekarun 1960 zuwa tsakiyar shekarun 1970 wani gari mai suna Puli da ke tsakiyar tsibirin ya zama cibiyar wannan sana'a. A kan kama malam-buɗe-littafi miliyoyi barkatai kowace shekara, a cire fiffiken a manna a takarda a yi zane-zane da kayan ado, a sayar ƙasashen waje. Gidaje da yawa da wannan suka ci abinci suka sa 'ya'yansu a makaranta. Daga baya sana'ar ta durƙushe, domin an sare dazuzzuka an mai da su gonaki, feshi ya yawaita, abin kamawa ya ragu, matasa kuma suka koma masana'antu inda albashi ya fi tsoka. Ban kawo wannan don in yabi kamun ba. Abin lura shi ne mai kamun nan dole ya san iri, ya san watan da kowanne ke fitowa da kwarin da a ke samunsa, tun da farashinsu ba ɗaya ba ne. Wannan sani shi ya saura bayan kasuwa ta watse. Wani masani Bajapane mai suna Takashi Shirozu ya buga babban littafi mai hotuna masu launi a kan malaman tsibirin a 1960, wasu kuma suka ɗora a kai.

Ga amfanin da sanin ya yi musu. Akwai wani iri babba, baƙi, mai faffaɗan wutsiya a fiffiken baya, wanda aka fara gani a 1932, masana na kiransa Papilio maraho. Da aka bi diddigi sai aka gane tsutsarsa ganyen itace ɗaya kaɗai ta ke ci, shi ma a kan tuddai ya ke fitowa. Ashe in an sare wannan itace an kashe shi ke nan ko ba a taɓa shi ba. Yanzu doka ta hana kama shi. Akwai kuma wasu baƙaƙe masu sheƙin shunayya da ke taruwa dubbai a kwarurukan Maolin da ke kudu su yi lokacin sanyi a can, sa'an nan wajen Maris da Afrilu su ɗunguma arewa. Hanyarsu ta ratsa wani babban titin mota a Linnei, motoci suna ta murƙushe su. Tun daga 2007 hukumar tituna ta kan kafa raga a gefen titin don su tashi sama, kuma in suka yi yawa har ɗaruruwa na wucewa cikin minti guda, sai a rufe layi ɗaya na titin har su wuce. Na san mai karatu zai yi murmushi, ni ma na yi. Amma ba a rufe wa abin da ba a san sunansa da ranar tafiyarsa titi ba.

To, mu dawo gida. Nijeriya ba matalauciya ba ce a wannan fanni, domin an samu fiye da iri 1,000 a cikinta. Wani masani ɗan ƙasar Denmark, Torben Larsen, wanda ya rasu a 2015, ya yi shekaru yana yawo a ƙasashen yankin nan, a 2005 ya fitar da littafi juzu'i biyu mai bayanin kusan iri 1,500 na Afirka ta Yamma. Mafi yawansu a kurmin kudu su ke, musamman dazuzzukan Kuros Riba. Namu na nan bakin hamada kaɗan ne in an gwada da waɗancan. Ni kuwa a ganina wannan sauƙi ne gare mu, domin yaro mai lura zai iya sanin waɗanda a ka fi gani a unguwarsu cikin damina guda.

Matakin farko shi ne raba malam-buɗe-littafi da ɗan'uwansa faɗa-wuta, wannan da ke zuwa wurin fitila da dare. A dubi 'yan ƙahonnin nan biyu sirara da ke kansa. Na malam suna da ɗan kumburi a ƙarshe kamar kan ashana, na faɗa-wuta kuwa ko dai su tafi a tsinine kamar zare, ko su yi barbaje kamar gashin tsuntsu. Malam da rana ya ke yawo, in ya sauka ya kan haɗe fiffikensa sama. Faɗa-wuta galibi ɗan dare ne, mai kaurin jiki, in ya sauka sai ya shimfiɗa fiffike ko ya rufa su a bayansa kamar jinka. Garin nan da ke manne wa yatsa in an kama su duka biyu suna da shi, ɓawo ne ƙanana ƙwarai a jere kamar na kifi, kuma su ne launin. Bayan wannan sai a lura da girma, da launin sama da na ƙasan fiffike domin sau da yawa sun bambanta, da irin tashinsa. Amma abin da ya fi duka shi ne tsiron da macen ke sauka a kai ta yi ƙwai. Babba ya kan sha ruwan kowane fure, tsutsar kuwa mai zaɓe ce, wata gara ta mutu da yunwa da ta ci ganyen da ba nata ba. Macen da ƙafa ta ke ɗanɗana ganye, shi ya sa za ka ga tana sauka tana tashi daga tsiro zuwa tsiro kamar mai taya kaya a kasuwa.

Bari in fara da wanda dattijo ya so ya feshe ba da laifinsa ba. Sunayen Hausa da zan ba su nawa ne na wucin gadi, wanda ya san na asali ya gyara mini. Wannan na kira shi mai-tumfafiya, masana kuwa Danaus chrysippus su ke ce masa tun da Linnaeus na ƙasar Suwidin ya raɗa masa sunan a 1758. Faɗinsa in ya buɗe santimita 7 zuwa 8 ne. Launinsa ruwan goro, ƙarshen fiffiken gaba baƙi ne da farin layi a gicciye, jikinsa baƙi da ɗige-ɗigen fari. Namu na Afirka ta Yamma fiffikensa na baya fari ne, na Taiwan kuwa ruwan goro ne gaba da baya, amma iri ɗaya ne. Ana ma iya raba mace da namiji: mace tana da ɗigo baƙi uku a tsakiyar fiffiken baya, namiji huɗu, na huɗun nan wata 'yar jaka ce ta ƙamshin da ya ke jan mace da shi. Tsutsarsa mai zobe-zobe ce, fari da baƙi da rawaya, da wasu zaruruwa shida a bayanta, kuma ba ta ɓuya. Dalili kuwa ganyen tumfafiya ta ke ci, ta tara dafin farin ruwan nan a jikinta, dafin ya bi ta har ta zama mai fiffike. Tsuntsun da ya haɗiye shi zai yi amai, ba ya kuma sakewa. Shi ya sa tashinsa a hankali ya ke, ƙasa-ƙasa, kamar basarake a cikin garinsa. Wannan shi ne ainihin dalilin da ya sa ba a cin farar tumfafiya, abincinsu ɗaya, kariyarsu ɗaya. Daga ƙwai zuwa tashi wajen wata guda ne a lokacin zafi. Tsohon mazauni ne a nahiyar nan, har masana na ganin shi ne a ka zana a bangon kabarin wani ma'aikacin Fir'auna mai suna Nebamun a Masar fiye da shekara 3,000 da suka wuce, zanen yana gidan tarihi na Biritaniya a Landan. Ba ya taɓa lemo, ba ya taɓa alayyafo.

Sai a yi hattara, domin akwai mai aron riga. Wani iri ne dabam, Hypolimnas misippus, shi ma akwai shi a Taiwan. Namijinsa baƙi ne wuluk da manyan farare masu kama da ƙwai a fiffike, gefensu na sheƙin shuɗi in rana ta doke su, kuma mafaɗaci ne, ya kan tsare wuri ɗaya ya kori duk wanda ya gifta. Macen kuwa ba ta kama da mijinta ko kaɗan. Kamar mai-tumfafiya ta ke sak, har tashin ta kan kwaikwaya, alhali ba ta da dafi ko na anini, domin tsutsarta ciyawar nan mai kaurin ganye ta bakin kwalbati ta ke ci, wadda wasu ke kira harshen saniya. Tsuntsu ya gan ta ya kauce. In kana so ka kama ta da ƙarya, dubi fiffiken baya: ɗigo ukun nan na tsakiya babu su, guda ɗaya ne kawai can wajen sama, kuma bakin fiffiken ya fi yin tsaga-tsaga. Na yi makonni ina ruɗewa kafin idona ya saba.

Ɓarawon dashen dattijo kuwa shi ne ɗan-lemo, Papilio demodocus. Yana cikin mafi girman waɗanda a ke gani a cikin gari, wajen santimita 10, baƙi mai yayyafin ruwan ɗorawa, da ido biyu a kowane fiffiken baya, ɗaya da ja ɗaya da shuɗi. Tashinsa da sauri, kuma ko yana shan fure fiffikensa ba ya daina karkarwa. Macen ta kan ajiye ƙwai ɗai-ɗai a kan sabon toho, ƙwan kamar ƙwayar gero, fari-fari mai ɗan rawaya. Tsutsar tana fara rayuwa da kamannin kashin tsuntsu don kada a kula ta, in ta girma ta koma kore. Taɓa ta da tsinke ka ga abin mamaki: sai ta fiddo wani ɗan ƙaho mai reshe biyu daga bayan kanta, mai wari kamar ruɓaɓɓen lemo. Babban itace ba ya jin ɓarnarta, amma dashe mai ganye goma tsutsa biyu sun isa su tsiraita shi. A Taiwan ɗan'uwansa ne ke wannan aiki, Papilio demoleus, kamanninsu kusan ɗaya.

Farare su suka fi yawa a wajenmu, su ne kuma suka fi wuyar rabewa. Babban cikinsu, mai fari da ɗan kore-kore da tashi kamar an harba shi, Catopsilia florella ne. Macensa wani lokaci rawaya ce, kuma tafasa da rai-ɗore ne abincin tsutsarsa, shi ya sa ya ke cika gari in tafasa ta rufe fili. Wanda ke da jijiyoyi ƙasa-ƙasa a zane a ƙasan fiffike kamar an ja su da alƙalami Belenois aurota ne, na jikin anza. Duka biyun matafiya ne, wata shekara su kan taso da yawa su nufi gefe guda kwana da kwanaki. Sa'an nan ga 'yan ƙananan da na fi so, waɗanda na ke kira masu-lalle, dangin Colotis. Farare ne, amma ƙarshen fiffiken gaba ja ne, ko ruwan goro, ko shunayya, kamar yatsun amarya. Su ne 'yan asalin ƙasar ƙaya, bagayi da anza da danginsu su ke nema. Suna da wani hali mai ruɗarwa: wanda ya fito da damina zanensa baƙi ya fi yawa, ɗansa da zai fito da rani kuwa ya kan koɗe, ƙasan fiffikensa ya yi launin rairayi. Turawan farko da suka tattara su sun sha ba iri ɗaya suna biyu saboda wannan. In kana son ganin farare da yawa wuri guda, je bakin kogi da hantsi inda shanu suka sha ruwa suka yi fitsari. Za ka tarar da su jingim a kan laka, mafi yawa maza ne, gishiri su ke tsotsa.

Akwai kuma baƙon da ya cancanci a ce masa madugu. Vanessa cardui matsakaici ne, ruwan goro mai ɗan ja-ja da baƙaƙen zane, da 'yan idanu huɗu ko biyar a jere a ƙasan fiffiken baya. Turawa sun daɗe suna ganinsa ya ɓace daga ƙasashensu in sanyi ya gabato, ba su san inda ya ke zuwa ba. A kakar 2014 wasu masana biyu daga Barcelona ta ƙasar Sifen, Gerard Talavera da Roger Vila, suka biyo sawu, suka tarar da su da yawa suna hayayyafa a Cadi da Benin da Senegal da Habasha. Watau wannan abu da nauyinsa bai kai giram ɗaya ba yana ƙetare teku da hamadar Sahara ya sauka a ƙasashenmu a ƙarshen damina, jikokinsa kuma su koma. Zagayen ya kai kilomita 12,000 zuwa 14,000, ba ɗaya ke gama shi ba, zuriya ce ke miƙa wa zuriya. Shi dai Talavera ya taɓa tsintar wasu a bakin teku a Giyana ta Faransa da ke Kudancin Amurka cikin Oktoba na 2013, fiffikensu a yage, a 2024 kuma aka tabbatar daga Afirka ta Yamma suka tashi, suka yi kilomita 4,200 a kan ruwa. Cadi dai maƙwabciyarmu ce, saboda haka wanda ka gani a kan furen shinge a watan Oktoba, mai yiwuwa ne a Turai a ka haife shi.

Yanzu ga inda maganar ta shafi aljihu. Cikin duk waɗanda na lissafa, ɗan-lemo kaɗai ne ke yi wa manomi ɓarna, sai wani ɗan ƙaramin shuɗi mai siririyar wutsiya, Lampides boeticus, wanda tsutsarsa ke shiga fure da kwanson wake. Manyan maƙiyan gona kuwa ba malam-buɗe-littafi ba ne sam. Tsutsar nan mai cin zuciyar masara da a ka fara gani a Nijeriya a farkon 2016, da wadda ta halaka tumatir a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa a wannan shekara har kwando ya gagari talaka, da mai huda zangarniyar gero, dukkansu 'ya'yan faɗa-wuta ne, da dare iyayensu ke zuwa. Manomin da bai raba su ba ya kan ga malam da rana ya ɗora masa laifin ɓarawon dare, ya sayi magani da kuɗin da ba shi da su, ya feshe shinge da ciyawa da furanni. Da haka ya ke kashe ƙudan zuma da ke yi wa kabewa da kankana barbara, ya kashe zanzaro da gizo-gizo masu cin tsutsar da ta dame shi, ya kuma shaƙi maganin shi da 'ya'yansa, don ban taɓa ganin dattijon nan da abin rufe hanci ba.

Akwai kuma hasarar da ba a gani. Maiduguri garin darbejiya ne, kowa ya san haka, kuma babu mai raina inuwarta a watan Afrilu. Amma baƙuwa ce daga Indiya, kuma babu ɗaya daga cikin malaman nan da tsutsarsa ke cin ganyenta, hasali ma da ɗacinta a ke korar ƙwari. Abincinsu su ne anza da bagayi da tafasa da tumfafiya, watau ainihin tsirran da a ke fara sharewa in za a yanka fuloti, ko a tumɓuke in itacen girki ya yi wuya. Garin ya cika ya batse tun da rikicin da ya faro a 2009 ya koro mutanen ƙauyuka, filayen bayan gari sun zama gidaje, jejin da ya saura kuwa shekaru da dama ba mai shiga ya duba abin da ke cikinsa. Idan masu-lalle suka ƙare a wata unguwa ba wanda zai yi cigiya, tun da farin malam na tafasa yana nan yana yawo, kuma a bakinmu duk sunansu ɗaya.

Littafin Larsen da Turanci ya ke, kuma ba abin da malamin firamare zai iya saya ba ne. Abin da mu ke bukata ƙarami ne: ɗan littafi na Hausa da Barbarci mai hotunan iri ashirin ko talatin da a ka fi gani, kowanne da tsutsarsa da tsironsa, a nuna wanda ke ɓarna da wanda ba ya yi. Muna da Jami'ar Maiduguri, muna da Cibiyar Binciken Tafkin Cadi, duka biyu tun 1975 su ke, kuma akwai masana ƙwari da na tsirrai a cikinsu. Wannan aiki bai fi ƙarfinsu ba, kuma malaman gona za su fi kowa cin moriyarsa. Kafin nan, ina roƙon masu karatu, musamman dattawa da makiyaya da mata masu tsinkar tafasa, duk wanda ya san wani suna da a ke kiran wani iri da shi a garinsu, da Hausar Sakkwato ne ko ta Damagaram, da Barbarci ko Fulatanci ko Larabcin Shuwa ko Babur, ya rubuto wa wannan fili, ya faɗi launinsa da tsiron da ya ke sauka a kai da watan da a ke ganinsa. Mai waya ya ɗauki hoto, sama da ƙasan fiffike in ya samu. Ba sai an kama ba. Da sassafe kafin rana ta gasa su sun fi tsayawa.

Shi kuwa dattijo, mun daɗe muna ja-in-ja a ranar. A ƙarshe ya yarda ya ajiye tankin na mako guda, bisa sharaɗin in dashe ɗaya ya mutu ni zan biya. Muka bi ledojin ɗaya bayan ɗaya muna tsince tsutsa da hannu muna zubawa a gwangwani, ba mu yi rabin sa'a ba muka gama, kajinsa suka yi kalaci. Na roƙi guda ɗaya babba na tafi da ita gida cikin kwalba da reshen lemo, na rufe bakin da tsumma. Bayan kwana uku ta daina ci, ta ɗaure kanta a jikin reshen da wani zare a ƙugu, ta ƙame kamar busasshen ganye. Yarana suka ce ta mutu. Ran kwana na goma sha biyu da safe sai ga ɗan-lemo a rataye, fiffikensa a jiƙe a cukurkuɗe, muka zuba masa ido har ya miƙe su, sa'an nan muka buɗe taga.

Na kai wa dattijo hoton a waya. Ya karɓa ya nisanta da idonsa, ya daɗe yana dubawa, ya ce, "Wannan ne ɓarawon nawa?" Na ce, "Shi ne, Baba." Ya ce ai ya san shi, kullum da hantsi ya ke zuwa ta wajen rijiya. Na nuna masa yadda ƙwan ya ke a kan toho. Yanzu kowace safiya kafin ya fara ban ruwa ya kan bi dashen yana murje ƙwai da babban yatsa. Tumfafiyar tana nan a bakin shinge, kuma har yau bai ce in biya ko sisi ba.